Taɓarya Mai Zoben Ƙarfe: Ga Yayata Mairama

Na Allah muke, kuma gare shi za mu koma, da wanda ya shirya da wanda aka tura. Ranar Alhamis 14 ga Afrilu, 1977, da hantsi, Allah ya karɓi ran yayata Mairama, 'yar marigayi Malam Ƙasimu mai albarushi na Kangire, matar Gwadabe maharbi na Zandam ta ƙasar Gwaram. Ta cika a asibitin Birnin Kudu, inda ni ƙanwarta Saudatu nake aikin jinya, kwana biyu bayan turmin albarushi ya tashi da ita a tsakar gidan mijinta. Ta bar 'ya'ya mata biyu, Zahara'u mai shekara goma sha huɗu da Jummai mai tara. Ta kuma bar mini wasiyya guda ɗaya, wadda ta furta da leɓen da wuta ta riga ta cinye: "Saude, ki fitar mini da Zahara'u daga gidan nan."

Masu zuwa gaisuwa suna ta ce mini tsautsayi ne, tsautsayi kuwa ba ya wuce ranarsa. Ban musa ƙaddara ba, Allah ya tsare ni da musa ta. Amma wannan tsautsayin da hannu aka ƙera shi, da guduma, da rana tsaka, mutane suna kallo. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Yaya, an ce a ambaci mamaci da alheri, ke kuwa ba sai an yi tono ba. Iyarmu ta rasu ina rarrafe, ke ce kika goya ni har zanenki ya ƙoɗe a baya. Ranar da zan rubuta jarrabawar shiga makarantar jinya, ruwa ya kwana yana zuba, kwarin da ke tsakanin Kangire da titi ya cika ya batse. Baba ya ce a haƙura, in da rabo wata shekara. Ke kuwa sai kika miƙe. Kika naɗe kayana a tsumma kika ɗora a kanki, kika durƙusa kika ce in hau. Ina 'yar budurwa guda, na fi ki tsayi ma, kika ratsa da ni ruwan yana kai miki ƙirji. Da muka haye kika matse zanenki, kika dungure ni kika ce, "Saura ki faɗi, in mayar da ke ta cikin ruwan nan da ƙafarki." Duk majinyacin da hannuna ya taɓa a asibitin nan, a wuyanki ladan yake.

Matan Zandam ma sun san ki. Shekarar fari, da aka koma cin ganye da dusa, duk naman da Gwadabe ya kawo daga daji sai kin yanki wani abu kin ɓoye a ƙasan ƙwarya, kin rufe da kuka, kin aika gidan da aka yi haihuwa. Ranar bakwai ɗinki wata mata ta riƙe hannuna tana kuka, ta nuna mini wani ɗan yaro ƙato, ta ce ba don romon da kike aiko mata ba da nononta ya ƙafe. Ba ki taɓa gaya mini wannan ba. Ke dai ba kya ba da labarin kanki, sai na mutane, shi ma mai daɗin.

Ga wanda bai san gidanmu ba, sai in yi bayani. Mahaifinmu shi ke haɗa wa maharba da 'yan bindigar sallah albarushi, daga Kangire har ƙauyukan Gwaram. Bai haifi namiji ba, don haka Mairama ya koya wa. Dokarsa ba ta da yawa, amma ba a taka ta. Itace a kan itace ake daka shi, turmi da taɓarya ba ko ƙusa a jikinsu. Da danshi ake daka shi, ƙwaryar ruwa na gefe ana yayyafawa. Kuma kafin mace ta taɓa taɓarya sai ta tuɓe duk ƙarfen da ke jikinta, awarwaro da zobe da ɗan kunne. Yakan ce mai dakan albarushi ba ya kuskure sau biyu. Har ya koma ga Allah, da yatsunsa goma aka binne shi.

Ina tuna hannuwanki, Yaya. Gawayi da farar wuta sun shiga su sun zauna, har lalle ya daina kama su. Ranar bikinki an ƙunsa miki sau biyu, aka kwance, sai ga shi ja-ja baƙi-baƙi kamar tsohuwar tukunya. Kika yi dariya kika ce ango ai ba hannu ya zo gani ba. Allah sarki! Ashe hannun kaɗai ya zo gani. Tun a lokacin mutane suna raɗa cewa Gwadabe turmin Malam Ƙasimu ya aura, aka haɗa masa da yarinyar.

Shekarun farko da bindigar gargajiya yake harbi, mai ɗuri ta baka, albarushinki kuwa ya dace da ita, aka zauna lafiya gwargwado. Bala'in ya shigo ne bayan an gama yaƙin basasa, lokacin da kuɗin mai ya fara zagayawa, aka cika ƙasar nan da masu gyaran hanya. Wani Bature daga cikinsu da zai koma ƙasarsu ya bar wa Gwadabe bindigarsa, irin mai ɗura wa kanta harsashi, kana jan kunama tana amsawa ba sai ka tsaya ɗuri ba. Tun daga ranar ba a ƙara ganin hankalin mutumin nan a kan wani abu mai rai ba, sai wanda zai harba.

Bai bar ta yadda ta zo ba. Ya ce ta yi tsawo, tana sarƙewa a ƙaya, ba ta ɓuya a kan babur. Ya kai ta wurin Sada maƙeri a Gwaram, ya zauna a kansa har sai da aka yanke katakon gindinta, aka matso da kunama gaba, gidan harsashi ya koma bayan hannu dab da hammata. Bututun yana nan da tsawonsa, amma bindigar ta dunƙule, tana shigewa ƙarƙashin riga ba wanda ya sani. Ya raɗa mata suna Guntuwa. Da ya ga tana tofar da kwanso mai zafi kusa da kuncinsa, nan da nan ya sa baduku ya ɗinka mata murfin fata, don kada fuskarsa ta ƙone. Ku riƙe wannan. Mutumin ya san zafin wuta, kuma ya san yadda ake kare fuska daga gare ta.

Sai kwalliya ta biyo baya. Awarwaron azurfa da Iyarmu ta bar miki, wanda kike tuɓewa ki ajiye a bakin taga duk lokacin da za ki yi daka, wata rana kika gama kika duba babu shi. Bayan mako guda sai ga shi a jikin Guntuwa, an buge shi an yanka taurari an dasa a katako. Da kika yi magana ya ce ai kullum a tuɓe yake, gara a ba wadda za ta sa. Kin ba ni wannan labarin kina dariya, ni kuwa na kasa cin abinci.

Harsashin da Baturen ya bari bai yi shekara ba ya ƙare, na kanti kuma ba ya samuwa ga kowa. Sai Gwadabe ya shiga tsince kwanson duk wanda ya harba yana sake cika shi. Shi ke narka dalma, shi ke aune-aunensa a zaure, ke kuwa ke ce mai daka, safe da yamma. To amma bindigar Bature don albarushin Bature aka yi ta, wanda ba ya hayaƙi. Namu na gida baƙar toka yake bari, sai Guntuwa ta harba biyu ko uku ta cije. Sada ya gaya masa haka. Tsofaffin maharba sun gaya masa haka. Ina! Laifi tudu ne. Shi a wurinsa Guntuwa ba ta laifi, shi ma ba ya yi, saura mutum ɗaya ke nan a gidan. Duk ranar da ta cije a daji, a jikinki ake huce ta a gida. Na sha ɗinke miki goshi, kina ce mini ƙofar rumbu ce. Yaya, ni ma'aikaciyar jinya ce, na san shatin gindin bindiga, har da tauraron Iya a ciki.

Sau biyu kina yin yaji ki taho wurina. Sau biyun ya riƙe yaran, ya aiko cewa ki zauna abinki, Zahara'u ta fara tasawa, ta kusa isa riƙe taɓarya. Sau biyun kuwa ban farka na same ki ba, kin bi motar farko. Na je na kai kuka wurin dattawan unguwarsu, suka ce tsakanin miji da mata sai Allah. Na gane abin da suke nufi. Biran dutse suna sauko musu gona su yi wa dawa kaca-kaca, Gwadabe ne ke kashe su. Kuma ba a feɗe dabba a gidansa cinya ba ta zagaya zaurukansu ba. Bakin da ya ci, shi ke shiru.

Abin da ya kai mu ga wannan rana ya faru ne farkon bazarar nan. Wasu alhazai suka zo daga Kano da motocinsu, suna son a kai su daji su ga harbi. Gwadabe ya sha kurinsa, ya kai su har gaban gwanki, ya ja kunama, Guntuwa ta tashi sau ɗaya ta kuskure, ta biyu ta cije. Gwanki ya kaɗa wutsiya ya tafi, alhazai suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ya dawo gida ya yanke hukunci cewa ruwan da kike yayyafawa ne ke kashe wa albarushi ƙarfi, dakan kuma ba ya laushi. Ya take ƙwaryar ruwan da ƙafa. Ya ɗauki taɓaryar Baba ya kai wa Sada, wai a sa mata zoben ƙarfe a baki. Sada ya tambayi abin da za a daka, da ya ji sai ya ce shi ba ya ƙera wa mutane makara. Gwadabe ya dawo ya yanko guntun bututun mota ya buga da kansa, a ƙofar gida, masu wucewa suna yi masa sannu da aiki. Gindin turmin kuma, da ya ce ya zurma, ya dasa masa guntun tsohuwar garma.

Ƙarfe a kan ƙarfe, a bushe, a tsakiyar bazara. Ko yaron da ke wasa da ƙyastu ya san abin da hakan ke haifarwa.

A nan ne kaɗai a zamanku kika ce a'a. Kika ce, "Malam, wannan ba turmi ba ne, kabari ne." Bai dake ki ba a ranar, da ma dukan ya yi. Sai ya ce tunda kin tsufa kin koyi gardama, ya sauwaƙe miki aikin, Zahara'u za ta yi. Ranar Talata da hantsi ya zuba haɗin a turmi da hannunsa, ya shafa ya tabbatar a bushe yake, ya miƙa wa yarinyar taɓarya. Sannan ya koma zaure ya baje Guntuwa a kan buzu yana shafa mata mai, ya ce yana nan yana saurare, kuma ya san ƙarar ƙarfe ya san ta itace.

Zahara'u ce ta ba ni sauran. Ta ce kin zo kin zare taɓaryar daga hannunta a hankali, kin ɗora mata tulu, kin ba Jummai guga, kin ce su je rijiyar bakin kwari, wai ta kusa ruwanta ya yi zartsi. Ta ce ta yi mamaki, don da safen nan aka cika randa. Ta ce da za su fita kin gyara wa Jummai ɗankwali, kin ce kada su yi sauri. Suna kan rijiya suka ji ƙarar.

Na tambaye ki a asibiti me ya sa ba ki jefar da taɓaryar kin bi su ba. Kika ce, "In bai ji daka ba, zai fito. In na ƙi yau, gobe ita ce." Kin ce kina sassauta hannu iyakar iyawarki, kina salati, kina fatan a gama lafiya. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Ke kin dafa, Yaya, amma ban ga romon ba.

Maƙwabta sun shaida, kuma ba mutum ɗaya ba, cewa da wuta ta kama danga ta nufi zaure, Gwadabe ya fito a guje rungume da Guntuwa, ya kai ta gidan maƙwabci ya ajiye a ɗaka, sannan ya dawo yana tambayar me ya faru. Mata ne suka kashe wutar jikinki da zannuwansu. A bayan a-kori-kura aka kawo ki Birnin Kudu, a kan buhunan gyaɗa, shi bai biyo ba. Ni na karɓe ki a ƙofa ban gane ki ba, sai da kika kira sunana. Likita da abokan aikina sun yi iyakar yinsu, Allah ya saka musu. Na wanke ƙuna iri-iri a aikin nan, amma ban taɓa neman inda zan riƙe a jikin mutum na rasa ba sai a kanki. Hannuwan nan da lalle ya ƙi, babu su. Ba ki zagi kowa ba har kika cika. Ni ce mai zagin, kuma ban gama ba.

Ranar sadakar bakwai na je Zandam don in cika miki wasiyya. Na bari sai da jama'a ta ragu, na riga na sa Zahara'u ta ƙulle kayanta, sannan na durƙusa a bakin zaure inda Gwadabe yake zaune da dattawa. Guntuwa na jingine a bayansa, tana ƙyalli. A tsakar gida kuwa, ta ƙofar zauren, ina hango sabon turmi, ko bakinsa bai yi baƙi ba. Na gaishe su, na faɗi abin da kika ce, na roƙa a ba ni yaran in riƙe.

Kun san akwai wasa tsakanin mijin ya da ƙanwar mata. Da wannan wasan ya yanka ni. Ya yi murmushi ya ce, "Kai, Saudatu, har yanzu bakin nan naki bai mutu ba? In tausayi ne, ai sai ki tare ki maye gurbin yayarki, turmi na nan." Wasu suka yi 'yar dariya. Sannan ya gyara zama ya ce, "Ba na hana zumunci. Ɗauki ɗaya. Biyu dai ba zai yiwu ba, gida ba ya zama babu mai daka. In Zahara'u kike so, ga ta nan. Jummai ma in ta taka kujera ta kai tsawon taɓarya."

Na dubi dattawan nan ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya sami abin kallo a tabarma. Daga ƙarshe babbansu ya yi gyaran murya ya ce ai Malam Gwadabe ya yi adalci.

Ban san Zahara'u tana bayana ba, da ƙunshinta a ka. Ta ji komai. Ba ta yi kuka ba, ba ta dubi ubanta ba. Ta sauke ƙunshin ta ɗora wa Jummai, ta gyara mata ɗankwali, ta kamo hannunta ta sa a nawa. Ta ce, "Inna, ki tafi da ita. Ni Iya ta nuna mini yadda ake sassauta hannu." Na riƙe ta, na ce uwarki ke ta ce in fitar. Ta ce, "Ai ba ta san zai ce haka ba." Ta zare hannunta ta shige gida. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, Yaya, kuma yau na tsani wannan karin maganar.

Muka kama hanyar titi ni da Jummai. Ba mu wuce bayan gari ba na ji an fara daka. Na tsaya na kasa kunne, don ni ma 'yar Malam Ƙasimu ce, a cikin wannan ƙarar na girma. Ba itace a kan itace ba ne. Ashe ya tono zoben daga cikin toka.

Ya Allah, ga baiwarka Mairama ta zo maka, ba ta da hannun da za ta ɗaga ta roƙe ka, mu muna ɗaga mata. Ka gafarta mata, ka yi mata rahama, ka sa wutar da ta sha a duniya ta zama ita ce ta ƙarshe da za ta gani. Ka sanyaya makwancinta, ka haɗa ta da Iya da Baba a Aljanna, ka mayar mata da fuskarta da hannuwanta, ka sa lalle ya kama su.

Ina miƙa ta'aziyyata ga danginmu na Kangire, da matan Zandam da suka kashe wutar da zannuwansu, Allah ya rufa musu asiri duniya da lahira. Ina yi wa Jummai, wadda har yau take tambayata yaushe za mu koma mu kai wa yayarta ɗankwalinta da ke cikin ƙunshin. Ina yi wa Zahara'u, in akwai mai karanta mata wannan, Allah ya tsare ki, 'yata, ya kawo miki mafita ta inda ba mu zata ba. Dattawan da suka ga adalci, ku ma ina yi muku, kuma ina ba ku shawara kada ku yi nisa da tabarmin zaman makoki, tunda kuna jin dakan kowace safiya kuna wucewa masallaci. Kai kuma Gwadabe, ban san asarar me zan yi maka ta'aziyyarta ba, don abin da kake so ya fita lafiya. Allah ya ba ka tsawon rai da lafiyar kunne, ya kuma saka maka daidai da abin da ka ƙera.

Ke kuwa Yaya, ki huta, kin gama naki dakan. Ban daina zuwa Zandam ba, kuma ba zan daina ba, sai an ba ni ita ko an kore ni da Guntuwar. Kafin nan ina nan bakin aikina. Duk motar da ta tsaya a ƙofar asibiti daga hanyar Gwaram, ni ce nake fara fita.

Allah ya jiƙanki, ya sa mu cika da imani. Amin.